Makullan Hatsi da Cinyata ta Dama

Da sunan Allah nake farawa, domin Shi Ya ga abin da ya faru, ku kuwa labari kawai kuka ji. Binta ce ke riƙe da biro, ni ke magana, kuma na gaya mata in ta gyara mini kalma ɗaya don ta yi daɗin ji, zan sa wani ya karanta mini in gane. Ban taɓa shiga aji ba, amma ba na manta abin da ya fito daga bakina.

Abin da nake so in daidaita shi ne maganar da kuke yi idan na ba da baya: wai a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na kunyata yayanku Babba a gaban Baffa Ilu, na ɗauki makullan ɗakin hatsi na miƙa wa matarsa, shi yana zaune yana kallo. Haka aka yi, ban musa ba. Sai dai daga ƙarshe kuke ɗauko labarin. Babu wanda ya taɓa tambayata abin da ya sa mace mai hankalinta za ta yi shekara goma sha wani abu da igiya a ƙugu, har fatar cinyarta ta mutu.

Mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne. Bai iya cewa a'a ba ne kawai. A zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da maza ke wuni a layi a Gwarzo don sabulu da gishiri su dawo hannu biyu, ruwa ma ya ɗauke mana da wuri, gero ya yi rabin abin da ya saba. Abin da muka samu na sa aka sussuke aka zuba a buhu, na sayi kwaɗo na kulle ɗakin, na ɗaure makullin a bakin zanena. Wata rana bayan azahar na kishingiɗa a inuwa ina ba ƙanwarku Lami nono, barci ya kwashe ni. Da na farka sai na tarar da bakin zanen a kwance. Danginsa ne suka zo daga Getso da jakuna, suka yi masa kuka, ya zo ya zare makullin a hankali don kada ya tashe ni. Buhu shida ne a ɗakin, biyu na tarar. Da damina ta yi tsakiya, tafasa da dusa muke ci. Ku manya kun jure, nonona ne bai jure ba, ya ƙafe. Lami ta rasu saura 'yan kwanaki a fara gasa tumu. Ban yi wa mahaifinku faɗa ba, bai kuma ce in yafe masa ba, kowa ya san abin da ya sani. Bayan sadakar bakwai na aika kasuwar Garo aka sayo mini igiyar fata mai faɗin yatsa biyu wajen baduku. Na zagaya ta a ƙuguna, na ja ta matse, na ɗinke bakinta da basilla da hannuna, yadda babu ƙullin da wani zai kwance. Makullin na sa masa ɗan zare na rataya a jikinta, in na gama buɗewa in cusa shi tsakanin fatar da ƙashin ƙuguna na dama, ya kwanta shiru. Tun daga ranar na kafa doka a gidan nan: abin da aka ware na ajiya daga hatsin bara ba a taɓa shi sai na bana ya shiga ɗaki. Ban sake haihuwa ba bayan Lami, don haka babu abin da ya tilasta mini warware ɗinkin.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a rame na ɗinke ta. Shekaru suka zo da sauƙi, ƙuli-ƙulina ya karɓu, na sayi gayauna, 'yar gonar kaina, na gina ɗaki na biyu da na uku, makullai suka zama uku. Jikina ya ciko, igiya kuwa ba ta ƙaru ba. Ina jin tana ci na, amma na ɗauke shi kamar yadda mutum ke ɗaukar ƙaiƙayin tsohon tabo.

Mahaifinku ya rasu da rani, shekara guda kafin Shari'a. Ina cikin takaba na fara jin kamar cinnaku na tafiya a cinyata ta dama, ta gefen waje, daga ƙasan ƙugu zuwa kusa da gwiwa. In na daɗe a tsaye wajen suya, ko na taka zuwa gona, sai wurin ya ɗauki zafi kamar an shafa barkono, har gogar zane ba na so. In na zauna na naɗe ƙafa sai ya lafa. Daga baya zafin ya ragu, wurin ya sage, in na mintsina sai in ji kamar naman wani nake mintsini. Ban gaya wa kowa ba. Na ga yadda aka yi da wata maƙwabciyarmu da ɓarin jikinta ya shanye: an shimfiɗa mata tabarma a lungu, ana zuwa ana ce mata sannu, kayan ɗakinta na fita ɗaya bayan ɗaya. Na san ranar da aka ji ƙafata ta fara mutuwa, ranar za a fara kallon ƙuguna.

Ga shi kuma shekarar Shari'a kowa ya zama malami. Yaron da bai gama haɗa baƙi ba sai ka ji yana fassara hukuncin gado a bakin masallaci. Babba, da yake ɗan fari ne ba na kiran sunansa, ya bar gemu, ya ɗage wando, ba laifi, ni ma na yi murna da ya daina wuni a wajen masu karta. Amma sai ya fara shigo mini da magana a kaikaice, wai an ce barin gado ba a raba ba zalunci ne, wai matar mamaci tumuni ne nata. Na san inda ya dosa. Babur yake so ya saya ya shiga Kano haya, kuma ya ƙirga buhunan bara da ido ta kafar ƙofa.

Ramatu ce ta fara gano ni. Matar Babba, 'yar Masanawa, daga gidan da asalinsu makiyaya ne. Shekara tara tana gidan nan ban taɓa ce mata ta kyauta ba. Na zage ta a kan dusar da ta zubar, na zage ta a kan itace, na taɓa mayar da ita rijiya sau uku don ruwan bai kwanta ba. Ba ta mayar da magana, ba ta kuma yin murmushin neman shiga, shi ya sa na kasa karanta ta, abin da ba na iya karantawa kuwa ba na sakin jiki da shi. Muna suyar gyaɗa da hantsi, ina zaune dab da murhu, sai na ga ta saki ludayi ta yo kaina ta kaɗe mini zane da hannu. Garwashi ne ya yi tsalle ya sauka a cinyata, ya ci zanen, ya fara cin fata, ni kuwa ina ta juya gyaɗa. Ƙauri ta ji, ni ban ji komai ba. Muka kalli juna. Ta shiga ɗaki ta ɗauko man shanu ta shafa mini, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta koma kan ludayinta.

Na ce, "Me kika gani?"

Ta ce, "Zane ya ƙone, Inna."

Wata guda ina jira in ji maganar ta fito daga bakin mijinta. Ba ta fito ba. Ni da kaina na tona asirina, don na kira matar wanzami ta yi mini ƙaho a wurin, ta tsattsaga, ta zuƙe jini baƙi ta ce sanyi ne ya taru. Ta ga ban ko motsa ba da aska ke shiga. Kafin sati ya zagayo, har a wajen niƙa ana cewa ƙafar Inna ta fara shanyewa. Aka kawo mini rubutu na sha, aka kawo saiwa na jiƙa, wata ta ce iska ce na taka a bakin kududdufi. Cinya tana nan yadda take. Babba ya fara yi mini magana da murya mai taushi, irin wadda ake yi wa marar lafiya, yana cewa in huta, na yi aiki ya isa. Ya je ya sami Baffa Ilu, ƙanin mahaifinku, wanda ke jan salla in liman ba ya nan, suka sa ranar Juma'a bayan la'asar a zauna a raba gado a kuma sauke mini nauyi.

Da yake makullaina ba sa ƙara, ba a jin zuwana. Ranar Talata kafin zaman, na zagaya bayan ɗakinsu zan ɗebo kara, sai na ji Babba yana ce wa Ramatu in na kwanta ƙailula ta sa reza ta yanke igiyar, wai don a sauƙaƙa wa tsohuwa, kada a yi ta ja-in-ja a gaban mutane. Na tsaya da kara a hannu. Har na zaci ta yarda.

Sai ta ce, "Malam, a gidanmu ba a kwance saniya mai ita yana barci. In kana so, ka tambaye ta ido biyu."

Ya ce mata ita matarsa ce ko matar Inna. Na ji tana ci gaba da tankaɗe. Da yamma ta kawo mini tuwo ta durƙusa ta ajiye, ba ta ce mini komai ba. Ba ta ci amanata ba, ba ta kuma kawo mini ƙarar mijinta don ta sami fada ba. Wannan na biyun shi ya fi tsaya mini.

Washegari na yafa mayafi na ce zan je gaisuwar mutuwa, na hau mota zuwa asibiti a Gwarzo ni kaɗai. In ƙafar tafiya za ta yi, ina so in ji daga bakin wanda ba ya jiran gadona. Na sami wata nas, ba yarinya ba, ta kai sa'ar Babba, mai kaifin baki. Ta kwantar da ni ta ce in ɗaga ƙafa, na ɗaga. Ta danne da hannu ta ce in ture, na ture har ta yi baya ta dafa bango. Ta ce in yi murmushi, na ce ban ga abin dariya ba, ta ce to in buɗe haƙora. Ta ɗauki tsinke tana tsikara ta tana tambaya, nan na ji, nan ban ji ba, har ta zagaye wurin da ya mutu, bai wuce tafin hannu biyu ba. Ta soki yatsana ta auna jini ta ce ba ni da ciwon sukari, don shi ma yana kashe jijiya. Sannan ta ce in sassauta zane. Da ta ga igiyar, da ramin da ta haƙa a fatata, da shatin makullai uku a kan ƙashi, sai ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Inna, wa ya ɗaure ki haka kamar akuyar da za a kai kasuwa?"

Na ce, "Ni na ɗaure kaina, kuma ke ba ki kai ki kwance ni ba."

Ta yi dariya, ta kama yatsana ta ɗora a kan ƙashin nan da ke tsini a gaban ƙugu. Ta ce akwai wata siririyar jijiya da ke fitowa daga ciki ta bi ta dab da wannan ƙashin ta sauka cinya, ba ta ɗaga ƙafa, ba ta tafiya, aikinta kawai ta sa fata ta ji taɓi. In aka danne ta a nan shekara da shekaru, sai ta yi ta kuka da zafi da cinnaku, in ta gaji ta yi shiru. Ta ce tana ganin haka wajen masu ciki, da masu ƙiba, da 'yan sanda masu matse bel, da alhazai masu jan tazuge ƙarƙashin tumbi, da masu aikin da ke jingina ƙugu da bakin tebur wuni guda, amma ba ta taɓa ganin wadda ta ɗinke kanta ba. Shanyewar ɓarin jiki daban take, ita ƙarfi take ɗaukewa, ta karkata baki, ta saki hannu, in na ga haka ko na ji ƙafar na rauni in dawo da gudu. Magani kuwa, ta ce babu allurar da ta kai almakashi. In cire igiyar, in daina matse zane a wurin, in rage tsayuwa mai tsawo, in rage maiƙo ko jiki zai sauka kaɗan, in kiyaye wurin daga wuta tunda ba ya ji. Ta ba ni ƙwayoyi na ranar da zafi ya tashi, ta ce kada in sa rai da sati ɗaya, wata da watanni ne, kuma wataƙila wani ɗan wuri ba zai dawo ba don na daɗe ina azabtar da shi. Ta ɗauko almakashi. Na ce ta mayar, ba a nan za a yanke ta ba.

A mota ina dawowa na yi tunanin da ya fi sauƙi: in yanke igiya, in rataya makullai a wuya, in ci gaba da zamana. Ƙafata lafiya lau, babu mai hujja a kaina. Amma na kwana biyu a duniya. Wannan karon igiya ce, wani karon ba igiya ba ce. Ranar da na faɗi da gaske, wanda ya fi kusa da ƙuguna shi zai ɗauka, kuma na riga na ji da kunnena yadda zai ɗauka. Gara in zaɓa ina tsaye.

Ranar Juma'a Baffa Ilu ya zauna a kan buzu a tsakar gida, Babba a gefensa, ku da kuka zo daga gidajen mazajenku kuna bakin ƙofa. Baffa ya yi addu'a, ya fara da cewa rashin lafiya ba abin kunya ba ne. Na miƙe, na dafa turmi, na ɗage ƙafar hagu na tsaya a kan ta dama, wadda aka ce ta shanye, har sai da ya ce ya isa, Hajara, zauna. Ban zauna ba. Na ce a raba gado yau, ba na cin haƙƙin maraya ko da gemu gare shi. Gonar gandu da abin da ta ba da, a fitar wa kowa nasa yadda Allah Ya ce. Amma gayaunata da ƙuli-ƙulina na saya, ɗakunan da kuɗina aka gina, wannan ba gado ba ne sai na mutu. Baffa ya ce wannan gaskiya ne, babu malamin da zai ce ba haka ba. Ku mata kuka ce naku ya zauna a wajena. Na shiga ɗaki na sa wuƙar yankan kuɓewa na tsinke ɗinkin. Da igiyar ta saki sai da na dafa gado, don ji na yi kamar cikina zai zube. Na fito da makullan a hannu. Babba ya gyara zama, har ya fara miƙo hannu. Na wuce shi, na je bakin madafa inda Ramatu ke tsugune.

Na ce, "Ungo. Kin san dokar."

Ba ta karɓa nan da nan ba, ta kalli mijinta. Na kama hannunta na danƙa mata. Babba ya ce wa Baffa ya ga abin da ake yi masa a gidan ubansa. Baffa ya ce ɗakin Hajara ne, makullinta ne, shi ba shi da ta cewa. Babba ya juya ya ce wa Ramatu ta mayar. Na ce ko ta mayar ba zan karɓa ba, sai dai ta jefa a rijiya.

Aka auna masa rabonsa a ranar, ya sayar, ya haɗa da abin da ya samu ya sayi tsohon babur ya tafi Kano. Bai saki Ramatu ba, bai kuma tafi da ita ba. Shekara biyu tana kwana da 'ya'yanta a ɗaki ita kaɗai, yana zuwa sallah sallah, ya gaishe ni daga tsaye. Wannan nauyin ni na ɗora mata, ban kuma tambaye ta ba kafin in ɗora. In akwai wanda zan nemi gafararsa a wannan labari, ita ce, ba shi ba. Kada kuma ku ce ai Inna ta yi daidai tunda yunwa ta zo. Ba ta zo ba. Daminar da ta biyo baya ta yi kyau, hatsin bara har ƙwari suka fara taɓa shi. Da za a mayar da ni ranar, haka zan sake yi.

Cinya kuwa, sai da gero ya yi bununi kafin cinnakun su dawo, na yi murna da su kamar baƙi, don alamar jijiyar ta farka ce. Daga nan ji ya riƙa dawowa kaɗan kaɗan daga wajen gwiwa zuwa sama. Saura wani wuri kamar faɗin bakin ludayi, har yau in na taɓa ba nawa ba ne. Duk wadda ta ji irin wannan a cikinku, kafin ta nemi mai ƙaho, ta fara duba abin da ta ɗaura a ƙugu, sannan ta je a auna ta.

A shekara ta biyu Babba ya zo a rame, wuyansa duk ya fito, babur ɗin ya ci shi fiye da yadda ya ci babur. Ya gaishe ni, a karo na farko ya tsuguna. Damina ta fara, na bana ko kai bai fitar ba. Na daure har ya fita masallaci, sannan na sami Ramatu a bakin ɗakin hatsi tana auna na tuwon dare. Na rage murya na ce ta zuba masa rabin buhu daga ajiyar bara, ya tafi da shi Kano, ba sai kowa ya ji ba. Mijinta ne, na san ita ma ta ga wuyan nan.

Ta rufe ƙofa, ta datse kwaɗo, sannan ta durƙusa har ƙasa.

Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Sabo bai shigo ba."

Na tsaya a kanta. Ni da ɗakina, ni da gerona, ni da ɗana. Ba ta ɗago kai ba, ba ta kuma buɗe hannunta ba. Na juya na koma ɗaki, na kwashe ƙuli-ƙulin da na soya don kasuwar gobe, na ƙulle masa a leda. Da shi ya tafi.